Tsakanin “in”, “on” da “at”: amsa ga malamar da jan biro ya rufe wa baki

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya iyali? Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta a Tudun Jukun, nan Zariya. Shekara uku ke nan da na gama NCE a fannin lissafi. A ƙarshen zangon da ya wuce na rubuta wa wata ɗalibata a katin sakamako cewa: “She is good in Maths but she is afraid with asking questions.” Mahaifinta malamin jami'a ne. Ya zagaye “in” da “with” da jan biro, ya maido da katin ofishin shugabar makaranta. Ranar taron malamai ta ɗaga katin ta karanta a gaban kowa. Ba ta kama suna ba, amma babu wanda bai san rubutun hannuna ba. Wallahi Anti, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga ranar ban ƙara rubuta komai da Turanci a zauren WhatsApp na malamai ba, sai dai in tura saƙon murya da Hausa. Ina son neman aikin gwamnati, amma sati biyu ke nan na kasa gama takardar, don ban san ko “apply for” ake cewa ko “apply to” ba. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne ciwon kaina tun ina sakandare. Wata ƙawata ta ce ai Turanci baiwa ce, wanda bai tashi da shi ba sai haƙuri. Don Allah akwai wata ƙa'ida guda da zan riƙe in huta? Ko kuwa in bar koyarwar in koma kan keken ɗinkina?

Ƙanwarki daga Tudun Jukun

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Iyali lafiya lau, alhamdu lillahi. Ɗinki sana'a ce mai albarka, ba na raina ta ko kaɗan, amma kada ki bar aji saboda kalma biyu. Malamar da ta lura cewa yarinya ta iya lissafi amma tana tsoron buɗe baki ta yi tambaya, wannan ta san aikinta. Da yawa za su rubuta “Good result, keep it up” a kati arba'in ba tare da sun dubi ko yaro ɗaya ba. Ke kin dubi yarinyar. Abin da ya rage gyaran harshe ne, shi kuwa koyonsa ake yi.

Abin da shugabarku ta yi bai yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Gyara a bainar jama'a tozarci ya fi yawa a cikinsa, ga shi kuwa abin da ya haifar: malama ta rufe bakinta. Da ofis ta kira ki, minti biyar sun isa. Shi kuwa mahaifin yarinyar, a kan “with” yana da gaskiya cikakkiya, “afraid of” ake cewa. A kan “in” gaskiyarsa rabi ce. “Good at Maths” shi ne Turancin Ingila, shi ne kuma wanda WAEC da NECO ke nema, don haka shi za ki riƙe; amma a Amurka za ki ji an ce “good in math” babu wanda ya ɗaga kai. Na faɗa miki wannan ne don ki auna laifin daidai nauyinsa, kada ki ɗauki tsakuwa ki mayar da ita dutse. Akwai ma abin da kika yi daidai wanda jan biron bai yaba ba: kin rubuta “asking”, ba “ask” ba. Aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, in ya biyo bayan irin waɗannan kalmomi sai ya ɗauki “ing” a wutsiya, kuma nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Na san dalilin da ya sa abin ya yi miki zafi haka. Tun jarrabawar da aka yi wa malaman firamare a jihar Kaduna a 2017, wadda ta jawo sallamar fiye da malamai dubu 21, duk malamin da aka kama da kuskure a rubutu sai gabansa ya faɗi, ya ga kamar an yanke hukunci ne a kan cancantarsa gaba ɗaya. Ki cire wannan daga ranki tukuna, sannan mu yi karatu.

Ƙa'ida guda da kike nema babu ita. Duk wanda ya ce miki yana da ita, rabin zance ya ba ki. Maganar baiwa kuma ki ajiye ta gefe, ƙawarki so take ta lallashe ki, amma ba haka abin yake ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kuskurenki yana da asali, asalin kuwa yana cikin Hausar da kika iya sarai.

Dubi jimlarki. Kafin biro ya taɓa takarda, a zuci cewa kika yi: ta ƙware a lissafi, amma tana tsorata da yin tambaya. Sai kika ɗauki “a” kika musanya shi da “in”, kika ɗauki “da” kika musanya shi da “with”, domin haka aka koya mana tun muna ƙanana, wai “da” shi ne “with”. To a nan gizo ke saƙa. “Da” ɗin Hausa kamar uwargida ce mai riƙe da makullan ɗaki goma a ƙugunta. In aka shiga Turanci sai a raba makullan ga mutane daban-daban. Saurari waɗannan da kunnenki na Hausa. Na gaji da surutu: “tired of”. Ina alfahari da ke: “proud of”. Randa ta cika da ruwa: “full of”. Na gode da ziyara: “thank you for”. Gidanmu yana kusa da Ƙofar Doka: “close to”. Samaru tana nesa da birni: “far from”. Wannan atamfar ta bambanta da waccan: “different from”, amma in ta yi kama da ita: “similar to”. Na damu da jikin Inna: “worried about”. Na saba da sanyin Zariya: “used to”. Na dogara da mahaifina: “depend on”. An ɗaura mata aure da ɗan kawunta: “married to”, wanda kullum nake ganin an rubuta shi “married with”. Ki ƙara da na lokaci da na hanya: da safe “in the morning”, da dare “at night”, da ƙarfe takwas “at eight”, da ƙafa “on foot”, ya yi jawabi da Hausa “in Hausa”.

A duk waɗannan Bahaushe “da” guda ya ce. Bature ya ce of, for, to, from, about, on, in, at, guda takwas ke nan, “with” na tara. Akwai wuraren da suka dace kuwa: na yi fushi da ke “angry with”, na gamsu da aikinki “satisfied with”, na yarda da ke “agree with”, na rubuta da biro “with a pen”. Waɗannan da suke dacewa su ne suke yaudararmu, su sa mu amince cewa fassarar tana aiki, sai mu ja ta zuwa inda ba ta kaiwa. Saboda haka duk lokacin da hannunki ya tafi zai rubuta “with”, dakata ki tambayi kanki: Turancin ne ya nemi wannan kalma, ko kuwa “da” ɗin da ke zuciyata ne ya sa rigar Bature? Wannan tambaya ita kaɗai za ta raba ki da kaso mai yawa na matsalar.

In kin taɓa zama gaban malamin nahawu, a Islamiyya ko a zaurukan cikin birni, kin riga kin san wannan darasi da wani suna. Abin da Turawa ke kira “preposition” shi ne malamanmu ke kira haruffan jarra: min, ila, an, ala, fi, bi, li. Ɗalibin Larabci ya san cewa “ragiba fi” yana nufin ya yi kwaɗayin abu, “ragiba an” kuwa ya juya masa baya, shi ya sa hadisin nan ya ce “faman ragiba an sunnati falaisa minni”, wato wanda ya juya wa sunnata baya ba ya tare da ni. Ya san “da'a lahu” addu'ar alheri ce, “da'a alaihi” kuwa mummunar addu'a. Aikatau ɗaya ne, harafi ya juya ma'ana kamar an juya waina. Kuma ban taɓa ganin ɗalibin da ya tsare malam ya ce sai an ba shi dalilin da ya sa “an” ya zauna a nan ba. Haddace aikatau yake yi tare da harafinsa, kamar yadda ake sayen takalmi ƙafa biyu. Haka Turanci yake: “look at” kallo, “look for” nema, “look after” kula da mutum ko reno, “look into” bincike. “Result in” ya haifar da, “result from” ya samo asali daga. Har tsakanin harsuna ma babu yarjejeniya. A kan dogaro Bature ya ce “on”, Balarabe ya ce “ala”, Bafaranshe ya ce “de” wanda ya fi kusa da “daga”, mu kuma muka ce “da” ko “ga”. Kowa da al'adar gidansu, ba wai wani ya fi wani hankali ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma shi ne jigon shawarata. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga jakarki. Kada ki rubuta “of” a gefe ɗaya da ma'anarsa a ɗaya gefen, wannan shi ne hanyar da ta kai ki inda kike. Ki rubuta kalmar da maƙwabciyarta a cikin jimla cikakkiya, jimlar kuma ta fito daga rayuwarki: “I am tired of this noise”, “My house is close to the market”, “I am responsible for Primary Four”. Biyar a mako sun isa. Ki faɗe su da baki, kina shara, kina kan keken ɗinki, kina jiran Keke Napep, har kunnenki ya saba. Kunne ake horarwa, ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Ki tuna babu wanda ya zaunar da ke ya ba ki ƙa'idar da ta sa jam'in gida ya zama gidaje, na birni birane, na mace mata, na sarki sarakuna. Amma in yaro ya ce “gidoji” nan take kunnenki zai ƙi karɓa. Baƙon da ke koyon Hausa yana shan wuyar jam'in nan kamar yadda kike shan ta “in” da “on”. Abin da ƙawarki ta kira baiwa, yawan ji ne kawai.

Yanzu sai “a”, ƙanin “da” a rikici. Muna cewa a Zariya, a ƙofa, a bango, a ranar Juma'a, a watan Oktoba, duk da harafi ɗaya. A nan an yi sa'a, akwai abin da ya yi kama da ƙa'ida. Ki ɗauki “at” kamar tsinin allura, “on” kamar shimfiɗar tabarma, “in” kamar cikin randa. A lokaci, agogo tsini ne: “at 8 o'clock”, “at noon”. Yini guda ko kwanan wata shimfiɗa ce: “on Friday”, “on 1st October”, “on Sallah day”. Wata, shekara da yanayi kuwa randa ce mai faɗi: “in October”, “in 1960”, “in the rainy season”. Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta ne ranar 4 ga Oktoba, 1962. In shekarar kaɗai za ki ambata sai ki ce “in 1962”, in da ranar ce sai “on 4th October 1962”. Ranar ita ke jan ragama duk inda ta bayyana, shi ya sa ake cewa “in the morning” amma “on Friday morning”. Dare kuma ya fita daban ba tare da wani dalili ba, “at night”, haddace shi kawai. In kuma this, next, last ko every suka shigo, to ba a sa komai a gabansu: “next Monday”, ba “on next Monday” ba.

A wuri ma hoton nan uku yana aiki. Abin da ya kewaye ki, “in”: “in Zaria”, “in Sabon Gari”, “in the classroom”. Wurin da ake nunawa da yatsa a ce mu haɗu a can, “at”: “at Kwangila”, “at PZ”, “at the gate”, haka kuma “at home” da “at school”. Abin da ke bisa wani abu ko a jikinsa, “on”: “on the table”, “on the wall”, “on Sokoto Road”. Kayan sadarwa ma “on” suka ɗauka: “on the radio”, “on the phone”, “on WhatsApp”. Isowa kuwa, gari “arrive in”, tasha ko makaranta “arrive at”, babu “arrive to”. Wani lokaci bambancin yakan taɓa rai. In ɗan'uwanki yana asibitin Shika kika ce “he is in hospital”, a Turancin Ingila kin ce an kwantar da shi ke nan. In kika ce “he is at the hospital”, ƙila dubiya ya je ko aiki yake yi a can.

Abin hawa ba zan daɗe a kansa ba. Babba wanda ake iya miƙewa a ciki, “on”: bas, jirgin sama, jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja. Ƙarami wanda ake sunkuyawa a zauna, “in”: mota, tasi, Keke Napep. Wanda ake hawa bisa, mashin ko keke ko doki, “on”. In hanyar tafiyar kawai za ki faɗa, “by bus”, “by car”.

Akwai wani rami da ya fi waɗannan cin manya, har masu digiri, wato sa harafi inda Turanci bai nema ba. Mu muna tattaunawa “a kan” batu, muna shiga “cikin” ɗaki, sai mu rubuta “discuss about” da “enter into the room”. Bature kuwa kai tsaye yake tafiya: “discuss the matter”, “enter the room”, “request a transfer”, “emphasise the point”, “she resembles her mother”. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne in kalmar ta koma suna sai harafin ya dawo: “a discussion about”, “a request for”, “emphasis on”. Sannan ga akasin haka, inda mu ne muke tafiya kai tsaye shi kuma yake tsayawa. Muna cewa saurare ni, jira ni, amsa wasiƙata, babu komai a tsakani. Shi sai ya ce “listen to me”, “wait for me”, “reply to my letter”. Ke da kike gaban yara kullum, “listen to me” ɗin nan ki tabbata ya zauna daidai a bakinki, don abin da suka ji daga gare ki shi za su tafi da shi sakandare. Haka nan “borrow me your pen” da suke faɗa, daga “ara mini” ya fito, tunda a Hausa kalma ɗaya ce ga mai karɓa da mai bayarwa. Ki raba musu: mai karɓa “borrow from”, mai bayarwa “lend to”.

Kalma ɗaya da nake so ki yi hattara da ita a aikin ofis ita ce “by”. A ƙasar nan mun saba cewa “the meeting is by 4pm” muna nufin da ƙarfe huɗu za a fara. A asalin Turanci “by” wa'adi ne: “submit by Friday” na nufin kada a wuce Juma'a, in an kawo tun Laraba ma ya yi. Lokacin farawa “at” ne. “On time” kuma daidai lokacin da aka sa, “in time” kafin abu ya kuɓuce.

Mu zo kan takardar da ta tsaya miki sati biyu. Dukansu daidai ne, aikinsu ne ya bambanta. Abin da kike nema, “apply for”. Wurin da kike miƙa takardar, “apply to”. Don haka za ki buɗe da: “I wish to apply for the post of Mathematics teacher.” Makarantar da kika gama, “graduated from”; shekarar, “in”. Tsawon lokacin da kika yi kina aiki, “for three years”. Kada “tun” ɗin Hausa ya ja ki zuwa “since three years”, domin “since” mafari yake so, shekara ko wata ko rana, shi kuwa “for” adadi yake so. Sha'awarki ga aikin, “interested in”. In za ki rufe, “I look forward to hearing from you”, da “hearing”, saboda dalilin nan da ya sa “asking” ɗinki ya zama daidai. Kin ga takardar ta ƙare. Ki zauna yau ki rubuta ta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ba ki labarina. A shekarata ta farko a aji, ɗalibaina sun ci wata gasa, na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: “Congratulations for your success.” Ranar kuwa wani dattijo mai duba makarantu ya zo. Ya zauna a bayan aji har na gama darasi, bai ce uffan ba. Sai da yara suka fita tara ya taso, ya ɗauki alli, ya goge “for” da gefen hannunsa, ya rubuta “on”, ya ce: “Malama, haka suke cewa. Darasinki ya yi kyau.” Shi ke nan. Na ji kunya, amma kunyar da ta tura ni karatu ce. Fiye da shekara talatin ke nan, ban sake kuskuren ba, kuma ban daina yi masa addu'a ba. Littafin da na ce ki saya, a makon na fara nawa. Ina ba ki wannan labari ne don ki san wadda take amsa miki ta bi hanyar nan da ƙafarta, kuma don wata rana ke ma za ki zama shugaba, ki tuna wace irin gyara ce take shiga.

Abokin tafiyarki a wannan aiki ƙamus ne, amma irin wanda aka yi don masu koyo. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ba ya wuyar samu a shagunan littattafai kuma yana intanet kyauta, wani malami ɗan Ingila mai suna A. S. Hornby ne ya tsara shi bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, Oxford ta buga shi a 1948. Ɗalibansa baƙin harshe ne kamar mu, shi ya sa ƙamus ɗin ba ya tsayawa a ma'ana, yana nuna miki harafin da ke bin kowace kalma tare da misali. Sirrin amfani da shi: kada ki buɗe “of” ko “with”, ki buɗe babbar kalmar. Da “afraid” kika duba a wayarki, cikin minti ɗaya za ki ga “afraid of”, ki ga kuma “afraid to ask” ma ya halatta. Bayan ƙamus sai karatu da fensir a hannu. Shafi ɗaya a rana na rubutu mai kyau, ki ja layi ƙarƙashin kowane harafi da kalmar da ta jawo shi. Ba za ki rasa abin ja wa layi ba, don “of”, “to” da “in” suna cikin kalmomi goma da suka fi yawan fitowa a Turanci. Sai dai ki sani jaridunmu ma sukan zame, ba duk abin da aka buga ne hujja ba. In kin yi shakka koma ga ƙamus.

Ba kuma ina cewa duk abin da ɗan Najeriya ya faɗa daban da Bature laifi ba ne. Su kansu ba su haɗu ba: ɗan Ingila ya ce “at the weekend”, ɗan Amurka ya ce “on the weekend”. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “okada”, “Kannywood” da “next tomorrow”, wato jibi. Turancinmu yana da gurbinsa a kasuwa da hira. Amma katin sakamako, takardar neman aiki da allon aji wurare ne da ake auna mutum da daidaitaccen Turanci, yaran da ke gabanki kuma da shi za a auna su ranar jarrabawa. Haƙƙinsu ne ki ba su shi.

Saura maganar shirun da kika yi, wanda ya fi damuna a duk wasiƙarki. Hausa ba abin kunya ba ce, ki yi saƙon murya da ita duk lokacin da kika ga dama. Amma in tsoro ne ya kai ki gare ta, to kin rufe ƙofar da gyaran zai shigo. A wannan makon ki koma zauren malaman ki rubuta abu gajere, ko da sanarwa ce: “The Maths test is on Thursday at 9 o'clock in the Primary Four classroom.” Ga su nan duka uku a layi ɗaya, kowanne a mazauninsa. Sannan ki sami shugabarku ita kaɗai, cikin ladabi, ki ce kin karɓi gyara kin gode, kina roƙon in an sake ganin wani a kira ki ofis. Ki ba ta shawara malamai su riƙa musayar katuttuka, kowa ya duba na ɗan'uwansa kafin a raba wa yara. Ina tabbatar miki cikin waɗanda suka zauna a taron nan akwai masu rubuta “discuss about”, za su ji daɗin shawarar ko ba su faɗa ba. Mahaifin yarinyar kuwa kada ki riƙe shi a zuci. Uban da ke karanta katin 'yarsa kalma bayan kalma abokin aikinki ne. In kun haɗu ranar taron iyaye ki gaishe shi, ki ce an gyara, ki ja shi zuwa ainihin abin da kika rubuta, wato 'yarsa tana tsoron tambaya, me za ku yi ku biyu a kai.

Ita yarinyar ki jawo ta jiki. Ki gaya mata cewa Malama ma akwai abin da ya shige mata duhu, ta rubuta wasiƙa ta tambaya, aka ba ta amsa. Ki riƙa ba ta dama ta yi tambaya ɗaya a kowane darasi, ko da a takarda ne da farko. In Allah ya kai mu ƙarshen zango mai zuwa, ina fatan abin da za ki rubuta a katinta shi ne: “She is good at Maths and is no longer afraid of asking questions.” Takardar neman aikin kuma in kin gama, turo mini in duba kafin ki kai.